Ƙarfe Uku a Tbilisi

Gocha na zaune saman gidan burodin ƙanwarsa,
tanderu a ƙasa bai huce ba,
shi ma haka.

Shafin karɓar oda ya ƙi buɗewa.
Fari fat, sai lamba uku a tsakiya:
biyar, sifili, biyu.
Uwar garke ta tari baƙo a bakin ƙofa,
ta waiwaya ta kira mai fassara umarni,
shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Ya zargi kamfanin haya.
Ya zargi ruwan da ke dukan kwano tun yamma.
Ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa,
shayinsa ya yi sanyi a gefen linzami.

Sai can ya buɗe kundin kurakurai,
inda ya kamata ya fara.
Layi ɗaya ne, sau ɗari huɗu:
ba kowa a wannan adireshi.

Ashe ran Talata, da hannunsa ya sabunta,
mai fassara ya tashi daga bakwai da huɗu
ya tare a takwas da biyu,
ita kuwa tana ta ƙwanƙwasa kango.

Lamba biyu ya canza.
Ta ƙi tashi.
Ya zura ido: waƙafi mai ruwa ya bari a baya.
Ya ɗiga shi.

Da asuba Nutsa ta hawo, gari har gwiwar hannu,
ta ajiye masa burodi mai cuku, yana tururi.
"Oda shida sun shigo. Me ya lalace?"
Bakinsa cike ya ce, "Ni."