Yaƙin Daren Alhamis

A Dundee, a saman benen gidan Lachlan,
akwai teburin da ya fi gado faɗi.
Kogin da ke kansa fenti ne,
duwatsun soso ne, ciyawar garin katako,
hayaƙin igwa kuwa auduga ce
da muka sato a akwatin maganin matarsa.

Shekara talatin da ɗaya muna gwabzawa,
ni da shi, duk daren Alhamis.
Wanda ya faɗi a fagen daga
kafin mu sauko ya koma gwangwanin biskit da ransa.

Sojana bai kai ɗan yatsa ba.
Dalma ce. In kankare ta da wuƙa,
in shafa fari, in jira, in shafa ja,
da burushi mai gashi uku
in ɗiga masa ido.
Kwana biyu nake yi a kan mutum guda.
Lachlan kuwa sarkin gaggawa,
baradensa duk harara-garke,
dawakansa sai ka ce karnuka,
amma su ke cin yaƙi.

Alhamis ta ƙarshe a Nuwamba
na tsare gada da dakaru arba'in.
Ya auna da rula, ya yi tsaki,
ya girgiza 'yan lido biyu a tafinsa,
sai ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi,
mu bari sai mako.
Ya ajiye su a bakin kogi.

Makon ya zo, bai same shi ba.

Hunturu ya wuce ba a taɓa teburin ba.
Gizo-gizo ya ɗaura zare
daga tutata zuwa bakin igwarsa.
Cikin Maris Elspeth ta bugo waya:
"Murdo, zo ka kwashe mutanenka,
ina son ɗakin don shanya."
Na tafi da kwali da tsofaffin jaridu,
ana yayyafin nan na garinmu
wanda ba ya zuba, ba ya ɗaukewa.

Na miƙa hannu zan ɗauki mai ganga
ta ce, "Dakata. Jifan wa ne?"
Na ce nasa.
Ta goge hannu a jikin rigarta,
ta ɗauki 'yan lidon daga bakin kogi.
Biyar da shida.

Ban taɓa ganin ta hau benen nan ba
sai ɗauke da farantin shayi.
Ashe rufin kicin ba shi da kauri.
Shekara talatin da ɗaya tana wanke-wanke
dokokin wasa na ɗiga mata a ka.
Ta san inda harsashin igwa ke tsayawa,
ta san gudun doki cikin taɓo,
ta kuma san, ta faɗa ba ta dube ni ba,
kullum ina mantawa da hagu.

Ba ta ko kalli gadar ba.
Ta zagaya ta mashigin ruwa
wanda mijinta ya zana da hannunsa bai taɓa bi ba,
kafin ƙarfe tara ta kwantar mini da arba'in,
ɗaya bayan ɗaya, da kan yatsa, a hankali,
kada fentin ya goge.

A aljihun teburin muka tarar da wani,
mai busa begila,
rabi ja, rabi dalma tsirara,
fuskar babu ido.
Ta juya shi, ta juya shi, ta miƙo mini.
"Kai ka iya ido."

Na kai shi gida a aljihun kwat.
Sau uku ina ɗigawa ina gogewa,
hannuna ya ƙi yin kuskure.
A na huɗu na cire tabarau.
Ya fito harara-garke,
ɗan gidansu sak.

Kwalin yana nan ƙarƙashin bene, wayam.
Shanya har yau a kicin take yi.
Ta ce ranar Alhamis in zo da wuri,
in zo da biskit,
kuma in yi wani abu game da hagun nan.