Katangar da ke Cikin Rumbu

Tun ranar Laraba jan layi ya fito a ƙarƙashin C.
Saura giga biyu, in ji na'urar,
tana nishi kamar danfo a hawan gadar Oshodi.
Ga D kuwa a gefensa, fili fetal,
giga ɗari da tamanin, babu mai kwana a ciki.

Mu biyu muka haɗa kuɗinta, ni da Sabi'u.
Ta hannu ce, daga wani lungu a Ikeja
inda ake jan rigar mutum kafin a gaishe shi.
A daren farko ya tsaga rumbunta gida biyu:
"C naka ne, Yaya, kai da lissafin albasarka.
D nawa. Kar ka leƙa."
Haka ya tsaga ɗakinmu na Agege
da falanki da ƙusa goma sha ɗaya,
ina jin tarinsa, yana jin minsharina,
kowa na cewa yana da sirri.

Shekara uku ke nan da ya bi aikin jirgin ruwa zuwa Fatakwal.
Na kira shi. Iska tana cin rabin maganarsa.
"Goge kawai, ba komai a ciki."

Ba komai:
takardar neman aiki kala goma sha huɗu,
ɗaya sunanta "ta ƙarshe",
ta bayanta "ta ƙarshe wallahi".
Hotonmu a bakin teku, wandunanmu a naɗe,
ya rufe ido daidai lokacin da aka ɗauka.
Da muryar Inna, daƙiƙa arba'in da ɗaya,
tana tambaya ko muna samun tuwo a garin nan
ko sai burodi.

Na kwashe ba komai ɗin a filashi.
Minti hamsin ya ɗauka.

Sai na danna goge.
Na'urar ta ce: ka tabbata?
Shekara goma sha shida ina Legas,
ko kwandasta ko mai gida ko ɗan sanda
babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar.

D ya faɗi ba ƙara, ba ƙura.
Wurinsa ya koma baƙin zane, fili marar mai shi.
Na yi dariya ni kaɗai:
da a Ikorodu ne, kafin azahar
omonile huɗu sun zo da rasit huɗu.

Saura a ja iyakar C ta shige ciki.
A nan ne ake tsoro.
Batirinta ya mutu tun bara,
ranta na hannun NEPA,
in suka ɗauke a tsakiyar aiki
bashin Alhaji Ilu na buhu sittin
da na matar nan ta Ketu
sun tafi inda ba a kai sammaci.
Na leƙa taga. Ƙwan shagon Iya Rasaki na ci.
Fanka ta rage gudu,
ta yi tunani,
ta ci gaba.

Bismillah.

Akwatin ya tambayi nawa zan ƙara.
Ya riga ya rubuta mini duka.
Garin nan haka yake koya wa mutum:
in ƙasa ta ƙare a zuba wa ruwa yashi,
a kira shi unguwa.
Yatsana ya tsaya a kan linzami.
Na share lambar, na rage giga ashirin.

Layin C ya huce, ya koma shuɗi.
A ƙarshen rumbu na kewaye ɗan abin da ya saura,
na mayar masa da harafinsa,
na juye filashin a ciki.

Falankin ɗaki kuwa yana nan.
Ƙusa ɗaya na zare a watan jiya,
na ga ramin da ta bari,
na mayar.