Faɗin Faifai

A Mabera, bayan la'asar, an ɗauke wuta,
muka shimfiɗa kwalin firiji ya zama fagen fama.
Marufan lemo sojoji, kwalin ashana ganuwa.
Rigimar kan bindiga mai baki biyu ce.
Marwana ya yanko takarda kamar bakin mazurari:
"Duk wanda ta rufe ya mutu."
Na ce dalma ba tsintsiya ba ce,
a jefa ɗan ludo, a rage ɗaya kowane taƙi.
Rana ta yi ja, ba a harba ko sau ɗaya ba.

Kawu Nomau, tsohon mai bin dinya a fadamar Kware,
ya ajiye kofi: "Mi kuka ma gardama?
Taki goma, ba ta wuce faɗin faifai.
Taki arba'in, sai mai ƙarar kwana."
Ya damƙo gero ya watsa.
Murfi uku suka yi ƙara, na gaba ya tsira.

Sai ya naɗe wando. Ƙwaya biyu a ƙwaurinsa,
suna can ƙarƙashin fata tun ba a haife mu ba.
"Abokina na. Dinya yan nufa, ni yas samu."

Littafin dokoki buɗe a cinyata,
biro a bakina.
Kazar maƙwabta ta hau fagen
tana tsince harsasai.