Lambar da ke Kira Ran Alhamis

Duk Alhamis,
bayan jirgin ruwa na ƙarshe ya yi kuka a tashar Valparaíso,
sai wayata ta hau rawa a kan tebur
kusa da kwanon albasa.
Lamba ce tsirara, ba suna, ba fuska.
In na ɗauka, numfashi,
da wani tari can ƙasa-ƙasa,
sai ƙit.

Jikata Maite ta ce, "Kaka, an daina zaman duhu. Kawo."
Ta zuba lambar a wata manhaja
kamar mai jefa ƙugiya a teku,
muka zauna jiran abin da zai ciza.

Ashe kowa da sunan da ya ajiye shi da shi.
Mutum goma sha ɗaya sun ce: Ci-bashi, kar a ɗauka.
Wani ya ce: Mai gyaran famfo, Antofagasta.
Wata ta ce: Tsoho mai gurgun kare.
Wani, da manyan baƙaƙe: MAƘARYACI.
Can ƙasa, mutum ɗaya tak:
Nibaldo Riquelme.

Na ajiye wuƙa.
Riquelme sunan gidanmu ne.
Nibaldo ne ya sayar da kwalekwalen gado
shekara talatin da ɗaya ke nan,
ya hau motar arewa da kuɗin a cikin safa,
ko jana'izar inna bai zo ba.

"Kin san shi?"
Na ce albasa ce.

"In toshe shi? Dannawa ɗaya ce."

Manhaja ta san gari, ta san sana'a,
har kare ta sani,
amma ba ta san shi ya goya ni
ya hau matakala ɗari da sittin ta tudunmu
ranar da kwalba ta tsarge mini ƙafa ba.
Ba ta san me ke maƙale masa a wuya duk Alhamis ba.

Na ce, "Saka tawa mu gani."
Eliana mai kifi.
Eliana mai tsada.
Masifaffiyar kan tudu.
Muka yi dariya har na sarƙe.

Yau Laraba.
Na ajiye lambar, na rubuta suna, na goge,
na rubuta zagi, na goge.
Na bar shi a Yaya.

Gobe in ta yi rawa
ba zan ce "Wa ke magana?" ba.
Zan tambaye shi ya ƙafar karen.