Bututun da Ba Waya

Ni na haƙa ramin, ni na shimfiɗa bututun,
taku tamanin daga akwatin mita
zuwa filin ajiye motoci
na gidajen hayar Titin Larkin.
Oktoba ne, ƙasa ba ta daskare ba tukuna.
Majalisar garinmu ta ce duk sabon gini,
wurin mota goma, turken caji ɗaya.
Su bakwai suka zauna a ɗakin karatun gari,
huɗu suka ɗaga hannu, uku suka naɗe nasu.

Kafin ƙanƙara ta narke
takarda ta iso daga babban birnin jiha,
shafi biyu da rabi:
ba garin da zai ƙara tilasta wa mai gini turke.
Mai so ya kafa. Wanda bai so, ba ruwan kowa.

Delbert Haugland, mai ginin, ya kira ni da sassafe.
Ya ce, Orrin, toshe bakinsa a zuba kwalta.
Ba mugu ba ne, benci ɗaya muka zauna a makaranta.
Ya nuna min lissafi a bayan ambulan:
kuɗin turke shida, duk yadda ka juya shi,
a wuyan 'yan haya zai sauka.
Ya ce gari arba'in, doka arba'in,
wa zai haddace su?
Ban ce masa ƙarya yake ba.

Yanzu an tare a gidan.
Akwai Marisela a hawa na uku,
aikin dare take a gidan kula da tsofaffi.
Waya ruwan lemo take zurowa ta tagar kicin,
ta bi bango, ta ratsa dusar ƙanƙara
har bakin motarta.
Tagar ba ta rufuwa saboda wayar,
sai ta cusa tawul a tsagar.
Sau biyu motar share hanya na datse mata ita.

Mai ɗaki ya san inda yake yoyo,
tsanin kuwa yana hannun wanda bai taɓa kwana ciki ba.

Abin da ban gaya wa Delbert ba:
na bar igiyar jan waya a cikin bututun,
na ɗaure ta baki da baki kafin in toshe.
Na kafa ƙusa a kwaltar tun tana da ɗumi,
taku huɗu daga sandar fitila.
In na zo wucewa da motar aiki
nakan sauka in share ta da takalmi
in ga ko tana nan.