Kakana Nyukus Ba Ya Ƙirga

A bakin kogin Lena aka haife shi,
inda numfashi kan daskare tun bai bar gemu ba.
Yana ɗan shekara tara ubansa ya miƙa masa harsashi uku,
ya ce, kurege uku, kuma a ido,
kada ka ɓata mini fata.

Da yaƙi ya zo, aka ga hannun ko gezau.
Kwana goma sha tara a jirgin ƙasa
zuwa wani birni da ya koma toka da ƙarfe.
Ya kwanta cikin bututun rusasshiyar masana'anta,
farin mayafi a baya,
ƙanƙara a baki kada tururi ya tona asirinsa,
tun asuba har rana ta faɗi
yana jiran mutum ɗaya ya ɗaga kai.

Jarida ta ce ɗari biyu da sittin.
Kwamanda ya ce sun ɗara haka.
Shi guda ɗaya ya riƙe:
wani yaro mai jajayen kunnuwa
da ya tsaya yana hura wa yatsunsa iska
yadda ƙaninsa Uybaan ya saba yi.

Ya dawo da lambobin yabo shida da yatsu takwas.
Lambobin suna cikin gwangwanin shayi
haɗe da ƙugiyoyin kamun kifi.

Na taɓa ce masa, Kaka, nawa ne gaskiyar?
Ya ci gaba da ɗinke tarunsa.
Can ya ce, Sardaana, ja ƙofar nan,
sanyi na shigowa.