Mai Buɗe Ƙofar Ruwa a Maricopa

Ƙarfe uku na dare nake buɗe ƙofar ruwa,
tocila a baki, hannu biyu a kan ƙarfe.
Gundumar Maricopa tana barci,
mutum miliyan huɗu da ɗoriya,
kowa na'urar sanyi na yi masa gurnani a ka.
Ba wanda ya san sunana Eusebio.

Wannan magudana ba mu muka fara tona ta ba.
Tun kafin kakan kakana ya san hanyar Sonora
mutanen Hohokam suka haƙe ta da sanda da dutse,
suka janyo Kogin Gishiri kamar ɗan akuya a igiya
har gindin masara da wake.
Suka tafi, ba su bar wasiƙa ba.
Masu alfadarai da suka zo daga baya
yashi kawai suka kwashe, suka bi sawu.
Ran nan sheburina ya ci karo da tsingaro mai jan zane,
na sa shi a aljihu,
ya yi mini nauyi, na mayar.

Da ina yaro, duk nan lemo ne.
Watan Maris ƙanshin fure kan hana mutum runtsawa.
Uwata Remedios ta tsinci auduga a Buckeye
har yatsunta suka manta da taushi.
Yau gidaje ne, kai ɗaya, rufi ɗaya,
bayan kowanne tafkin wanka shuɗi shar,
titin kuma an raɗa masa sunan itacen da aka sare.

Kogin kansa yana ɗaure can sama, bayan madatsa,
sai da izini yake saukowa.
A Yuli kwalta kan ƙona tafin kare.
Saguaro na tsaye bisa tsauni, hannu a sama,
kamar mai rantsuwa a kotu,
har yau ba a tambaye shi abin da ya gani ba.

Jiya wata sabuwar zuwa daga Chicago,
ko kwalayenta ba ta gama kwancewa ba,
ta leƙo ta katanga: "Wannan ruwa daga ina?"
Na nuna mata gabas maso arewa,
inda ƙanƙara ke narkewa a duwatsun da ba ta taɓa gani ba.
Ta ce to. Ta ja ƙofa.

Da ruwan ciki akan ja na rijiya,
mu kuwa da na wasu muke ja.
Asuba ta yi. Na juya ƙarfen, na rufe.
Ruwan ya ɗan yi gardama,
sannan ya kwanta.